Abin Da Ba Ya Shiga Kwali

Cikin kyaututtukan da iyaye da 'yan'uwa sukan saya wa yara a lokacin Kirsimati, akwai wata da ta yi tashe a 'yan shekarun nan, musamman a Amurka da ƙasashen Turai, har ta iso biranen ƙasar nan ta hanyar cinikin intanet da kuma tsarabar masu dawowa daga tafiya. Wani ɗan kwali ne da aka haɗa kayan koyon saƙar kwarashi a ciki. Idan aka buɗe shi, za a tarar da ƙullin ulu launi biyu ko uku, da kwarashi guda, da allura mai babbar kafa, da audugar cusawa, da waɗansu 'yan idanu na roba, sai kuma takardar bayani. A jikin kwalin akwai hoton abin da za a saƙa, ko zomo, ko giwa, ko ɗan tsuntsu, kuma kusa da hoton an rubuta da manyan baƙaƙe cewa wannan na 'yan koyo ne, ba ya bukatar sani ko kaɗan.

A ɗauka cewa yarinya 'yar shekara goma sha biyu ta sami irin wannan kyauta. Ranar farko ta zauna cike da murna, ta shimfiɗa takardar a gabanta, ta ɗauki kwarashi. Zaren ya ƙi zama a yatsunta. Da ta samu ya zauna, sai ƙugiyar ta ƙi shiga inda takarda ta ce a sa ta. Rana ta biyu ta yi wani abu mai kama da saƙar gizo-gizon da iska ta buga. Rana ta uku kwalin ya koma ƙarƙashin gado. Da mahaifiyarta ta tambaye ta ina zomon, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Mama, ni dai ba ni da kan wannan abu."

Kuɗin da aka kashe ba su da yawa, ulun ma yana nan bai lalace ba. Asarar da aka yi tana cikin wannan jimla ta ƙarshe. Yarinya ta yanke wa kanta hukunci bisa ga shaidar kwana uku, kuma mai yiwuwa ne ta ɗauki hukuncin nan ta kai shi kan lissafi, da karatun Littafi Mai Tsarki, da duk wani abu da ba ya samuwa a gwajin farko. A nan ne ƙaramin al'amari ya haifi babbar tambaya: wahalar da mai koyo yake sha, illa ce da ya kamata a kawar masa da ita saboda ƙauna, ko kuwa wani sashi ne na koyon, wanda in aka cire shi ba abin da ya rage?

Dalilin da ya sa saƙar take da wuya

Kafin a amsa, ya kamata a yi wa yarinyar adalci. Saƙar kwarashi tana da wuya a farko, kuma wuyar tana da dalilai da za a iya lissafawa. Hannuwa biyu suna yin aiki iri biyu a lokaci guda. Ɗaya yana riƙe da kwarashi, yana juya ƙugiyar, yana cusa ta, yana jawo zare. Ɗayan yana riƙe da abin da ake saƙawa, kuma ta tsakanin yatsunsa ne zaren yake wucewa. Wannan hannu na biyu shi ne mai babban aiki, domin shi yake ƙayyade tsaurin zaren. In ya matse da yawa, ramukan saƙar za su tsuke har ƙugiya ta kasa shiga. In ya saki da yawa, saƙar za ta yi sakwa-sakwa ta rasa siffa. Babu takardar da za ta iya faɗa wa yatsa iyakar matsin da ya dace. Yatsan ne zai gano da kansa bayan ya yi kuskure sau ɗari.

Sai kuma matsalar ido. Gwana tana duban saƙa ta ga kowane ƙulli daban, ta san inda layi ya fara da inda ya ƙare. 'Yar koyo kuwa tana ganin curin zare ne kawai. Shi ya sa take tsallake ƙulli na ƙarshe a kowane layi ba ta sani ba, har abin da aka nufa ya zama mai kusurwa huɗu ya yi ta tsukewa yana komawa mai kusurwa uku. Ulu mai duhu yakan ɓoye ƙullin, mai arha kuma yakan tsage a bakin ƙugiya. 'Yan dabbobin da ake zanawa a jikin kwali, waɗanda salonsu ya fito daga Japan inda ake kiransu amigurumi, ana saƙa su ne a zagaye, ana farawa da wani ɗan zobe na zare da ake ja ya rufe. Wannan zobe yana cikin abubuwan da suka fi ba sabon hannu wuya, ga shi kuma shi ne mataki na ɗaya.

Ita ma takardar bayanin tana da nata tarkon. An rubuta ta da gajerun baƙaƙe da lambobi kamar takardar likita. Ƙari a kan haka, Amurkawa da mutanen Ingila suna amfani da sunaye iri ɗaya ga ƙulli dabam-dabam: wanda Ba'amurke yake kira ƙulli guda, shi ne Baturen Ingila yake kira ƙulli biyu. Mai koyon da ya ɗauki takardar wata ƙasa ya haɗa da bidiyon wata, zai bi umarni daidai, abin kuma ya fito a karkace. Bahaguwa kuma dole ta riƙa juya kowane hoto a cikin kanta. Saboda haka yarinyar da ta kasa cikin kwana uku ba daƙiƙiya ba ce. Abin da ya same ta shi ne abin da ya sami kusan kowace gwana a makonta na farko, sai dai ita ba wanda ya gaya mata haka.

Sana'ar da ta ƙi inji

Sunan kwarashi ya samo asali ne daga wata kalmar Faransanci mai ma'anar ƙaramar ƙugiya, ta biyo ta Turanci ta shigo Hausa tare da sana'ar, a zamanin da ake koya wa 'yan mata ɗinki da saƙa a makarantun mishan da azuzuwan kula da gida. Sana'ar ba ta tsufa sosai ba. Bayanan saƙar da aka fara bugawa sun fito ne a wata mujallar ƙasar Holan mai suna Penélopé a wajajen 1823. Ba a daɗe ba ta shiga tarihin ceton rayuka. Sa'ad da babbar yunwa ta auka wa Ayilan daga 1845, wadda ta kashe mutum kimanin miliyan ɗaya, mata masu zaman zuhudu da matan limaman ikilisiya sun buɗe azuzuwa suna koya wa matalauta saƙar leshi da kwarashi don su sayar su sami abinci. Ɗaya daga cikinsu ita ce Cassandra Hand, matar limamin ikilisiya a garin Clones, wadda har yau ake danganta leshin garin da ita. Sarauniya Biktoriya ma, a ƙarshen rayuwarta, ta saƙa mayafan wuya takwas da hannunta, aka ba zaɓaɓɓun sojoji a yaƙin Afirka ta Kudu na 1899 zuwa 1902.

Akwai wani abin lura a tarihin nan. Saƙar tsinke, wadda ake yin suwaita da safa da ita, ta sami inji tun 1589, lokacin da wani limamin Ingila mai suna William Lee ya ƙera na'urar saƙa safa. Saƙar kwarashi kuwa har yau masana'antu ba su da injin da yake yin ainihinta. Akwai injunan da suke fitar da abu mai kama da ita, amma ƙullin kansa, wanda ake gama kowanne kafin a shiga na gaba, ana cusa ƙugiya ta gaba ko ta baya ko ta gefe yadda ido ya gani, ya gagari ƙarfe. Ma'anar wannan ita ce, duk hular jariri, duk shimfiɗar tebur, duk jakar kwarashi ta gaskiya da aka gani a kasuwa, wani ɗan Adam ne ya zauna ya yi ta ƙulli bayan ƙulli. Wanda ya san haka zai ji kunyar taya irin wannan kaya da farashin wulaƙanci. Zai kuma gane cewa sana'ar da inji ya kasa ɗauka, da wuya kwali ya iya ɗaukarta gaba ɗaya. Kullum daga hannu zuwa hannu take tafiya.

Hujjar masu kwali

Duk da haka ba daidai ba ne a yi wa kwalin hukunci ba a saurare shi ba, domin yana da hujja mai ƙarfi. Mutane da yawa ba su da kaka ko inna da ta iya saƙa. Waɗansu suna zaune nesa da gida, waɗansu kuma suna jin kunyar tambaya. Mai son koyo da ya shiga shago ba ya sanin kaurin ulun da zai saya, ko girman kwarashin da ya dace da shi, ko milimita huɗu ne ko biyar. Kwali ya ɗauke masa wannan ruɗani. Waɗansu kamfanoni sun ƙara gaba. The Woobles, wani kamfanin Amurka da ya fara a 2020, yana sayar da kwalinsa da zare wanda ba ya tsagewa, da bidiyo mataki-mataki na masu hannun dama da na bahagwai, kuma an riga an fara wa mai koyo zoben farko. Mutane masu ɗimbin yawa sun shiga sana'ar ta wannan ƙofa. Tunanin ma ba sabo ba ne. A farkon shekarun 1950 wani kamfanin fenti a Detroit ya fito da zanen da aka raba gida-gida aka sa wa kowane gida lamba, mai saye ya riƙa cika launi bisa ga lambar. Masana zane sun yi masa dariya, amma gidajen talakawa da yawa sun sami buroshi a hannu a karo na farko.

Akwai kuma binciken da ya goyi bayan a taimaki mai koyo ya gama abu na farko. A 2012 waɗansu masana uku a Amurka, Norton da Mochon da Ariely, sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi, inda suka sa mutane su harhaɗa akwatuna ko su naɗe takarda su yi siffofin dabbobi. Sun tarar cewa mutum yana daraja abin da ya yi da hannunsa kusan daidai da aikin gwani, ko da nasa ya fi muni. Amma sun tarar cewa wannan daraja tana ɓacewa idan bai kai ga gamawa ba. Ke nan zomon farko, komai karkacewar kunnuwansa, yana da amfani ƙwarai. Shi ne yake ce wa yaro ya dawo gobe.

Littafi Mai Tsarki ma bai koyar da cewa wahala abin nema ce don kanta ba. A Farawa 2:15 an ba mutum aiki a gonar Aidan tun kafin faɗuwa, don haka aiki albarka ne. Ƙayayuwa da sarƙaƙƙiya da zufa mai ɗaci sun zo ne daga baya, a sura ta uku. Wanda ya cire ƙaya daga hanyar ɗan'uwansa bai yi zunubi ba. Ubangiji Yesu kuma ya tsauta wa malaman Attaura da Farisiyawa a Matiyu 23:4 saboda suna ɗora wa mutane kaya masu nauyi, su kuwa ba sa taɓawa ko da yatsa. Akwai gwanaye irin wannan a kowace sana'a, masu cewa tun da su sun sha wuya, dole na baya ma ya sha. Wannan rowa ce da ta yafa mayafin tarbiyya.

Wahala iri biyu

To, ina gaskiyar take? Ana samun ta idan aka rarrabe wahala gida biyu. Akwai wahalar bakin ƙofa, akwai wahalar hanya. Ta bakin ƙofa ita ce wadda take hana mutum farawa ba tare da ta koya masa kome ba: mugun zare, ƙugiyar da ba ta dace ba, bayani mai duhu, malami mai tsawa. Wannan a kawar da ita, kuma duk wanda ya kawar da ita ya yi aikin ƙauna. Ta hanya kuwa ita ce maimaici, da gajiyar yatsu, da ƙirga, da kuskure, da sake farawa. Ita ba shinge ba ce tsakanin mutum da iyawa, domin a cikinta ne iyawar take tsirowa. Aristotil, masanin falsafar Girka, ya koyar tun ƙarni na huɗu kafin haihuwar Almasihu cewa ta wurin yin gini ne mutum yake zama magini, kuma haka halin kirki yake samuwa, ta wurin aikata shi sau da sau. Bahaushe ya taƙaita zancen da cewa kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Laifin kwali, in yana da laifi, yana cikin rubutun da ke jikinsa. Ya kawar da wahalar bakin ƙofa, sa'an nan ya bar mai saye ya ɗauka cewa ya kawar da duka biyun. Kalmar nan "mai sauƙi" alkawari ne, kuma alkawarin da aka yi wa yaro yana da nauyi. Idan aka ce masa abu mai sauƙi ne ya kasa, ba zai tuhumi kwalin ba, kansa zai tuhuma. Idan aka ce masa abin yana da wuya, kowa yana shan wuyarsa na mako biyu ko uku, amma yana yiwuwa, to kasawar ranar farko za ta zama abin da ya riga ya sa rai a kai. Gaskiya a nan ta fi daɗin baki jinƙai.

Haka Ubangiji ya yi da masu son binsa. Bai ɓoye musu tsadar almajiranci don ya tara jama'a ba. A Luka 14:28-30 ya ba da misalin mai son gina hasumiya, wanda ya kamata ya fara zama ya yi lissafi, kada ya sa harsashi ya kasa gamawa ya zama abin ba'a. Ikilisiya tana da abin koyo a nan. Akwai irin wa'azin da yake kama da rubutun jikin kwali, mai cewa bangaskiya matakai uku ce, aure matakai biyar ne, arziki kuma addu'ar dare bakwai ce. Waɗanda suka sayi irin wannan kwali, idan gwaji ya zo, sukan ce su ba su da kan bangaskiya, su tura ta ƙarƙashin gado. Manzo Bulus kuwa a Romawa 5:3-4 ya jera abin daki-daki: shan wuya yana haifar da jimiri, jimiri ya haifi tabbataccen hali, halin kuma ya haifi sa zuciya. Ba a tsallake layi a wannan saƙa.

Takarda da malami

Saura abu ɗaya da ya fi duk waɗannan, wato mutumin da yake zaune a gefe. Masanin kimiyya da falsafa Michael Polanyi ya yi bayani a 1966 cewa abin da ɗan Adam ya sani ya fi abin da yake iya faɗa da baki. Mai tuƙa keke ba zai iya rubuta yadda yake hana kansa faɗuwa ba. Haka gwanar saƙa ba za ta iya rubuta tsaurin zarenta ba, amma tana iya ɗora hannunta a kan hannun yarinya ta ce, "Saki kaɗan, 'yata. Yawwa, haka." Bidiyo yana nuna hannun gwana, wannan kuwa ci gaba ne babba a kan takarda. Sai dai bidiyo ba ya ganin hannun mai koyo. Ba zai lura cewa ta juya ƙugiyar sama maimakon ƙasa ba, ba zai ga hawaye sun taru ya ce a huta a sha ruwa ba, ba zai kuma ce shi ma haka ya yi fama sa'ad da yake yaro ba.

A Ayyukan Manzanni sura ta takwas akwai wani babban ma'aikacin sarauniyar Habasha, mai ilimi, mai dukiya, yana cikin karusarsa da littafin annabi Ishaya a buɗe. Kayan koyo duka suna hannunsa. Da Filibus ya tambaye shi ko yana fahimtar abin da yake karantawa, sai ya amsa da tawali'u cewa ba zai iya ba sai wani ya bi da shi, ya kuma roƙe shi ya hau su zauna tare. Allah da ya ba da littafin shi ne ya aiko da mutumin. Haka yake tun a jeji. Sa'ad da za a yi alfarwa ta sujada, Fitowa 35:30-35 ta nuna cewa Allah ya cika Bezalel da Ruhunsa da gwanintar kowane irin aikin hannu, har da saƙa da surfani, ya kuma ba shi tare da Oholiyab baiwar koya wa waɗansu. A wannan sura an ambaci mata gwanaye da suka kaɗa zare da hannuwansu suka kawo. Musa ya karɓi cikakken fasali a kan dutse, da awo da launi, amma fasalin bai gina alfarwa ba sai da aka sami masu koyarwa da masu koyo.

Shi ya sa Bulus ya umarci Titus, a sura ta biyu ta wasiƙarsa, cewa tsofaffin mata su koya wa matasa. A ikilisiyoyi da yawa na ƙasar nan, haka sana'ar kwarashi ta rayu. Bayan taron Zumuntar Mata, ko a inuwar mangwaro da yamma, wata dattijuwa tana saƙa hular jariri, 'yan mata sun kewaye ta. Kuma ba ƙulli kaɗai suke ɗauka a wurin ba. Suna jin yadda ake magana da miji, yadda ake haƙuri da suruka, yadda gwauruwa ta riƙe 'ya'yanta da addu'a da sana'ar hannu. Saƙar ita ce dalilin zaman, zaman kuwa shi ne makarantar. Hatsarin kwali ga iyali shi ne ya zama madadin wannan zama. Uba ko uwa da aiki ya yi wa yawa za ta miƙa wa yarinya kyauta mai kyau, ta ji ta sauke nauyi, alhali abin da yarinyar take bukata shi ne sa'a ɗaya ta wani babba.

Darasin warwarewa

Akwai abin da saƙar kwarashi take koyarwa wanda ba kowace sana'a take da shi ba. Kafinta in ya yanke katako ba daidai ba, katakon ya tafi. Tela in ya yanka yadi a karkace, sai dai dabara. Amma a saƙar kwarashi madauki ɗaya ne rak a kan ƙugiya. In aka zare ƙugiyar aka ja zaren, sai ƙullin ya riƙa warwarewa ɗaya bayan ɗaya har a koma daidai inda kuskuren yake, zaren kuma yana nan lafiya, a sake amfani da shi. Gwanaye ba su daina kuskure ba. Sun dai saba ganinsa da wuri, sun kuma daina jin tsoron komawa baya.

Wannan yana da zafi ga 'yar koyo. Ta yi layi goma, sai aka nuna mata cewa ta ɓata tun a na uku. Zuciyarta za ta ce a ci gaba, ba mai lura. Amma ƙullin da aka tsallake a layi na uku shi zai karkatar da na talatin. Yarinyar da ta koyi zare ƙugiya ta warware aikin sa'a guda ba tare da ta jefar da ulun ba, ta koyi wani abu game da tuba wanda dogon wa'azi ba lalle ya koya mata ba: a koma ainihin inda aka kauce, a amsa kuskuren, a sake ɗorawa daga nan, kuma mai kuskure ba abin yarwa ba ne. Amma da wuya ta koyi wannan ita kaɗai a ɗaki. Sai da wata a gefe mai cewa, "Kada ki damu, jikata, ni ma jiya na warware rabin shawul."

Abin da ya rage ga iyali

Ba a hana kowa sayen kwalin koyon saƙa ba, ko na ɗinki, ko na haɗa dutsen ado. Kyauta ce mai kyau, ta kuma fi abubuwa da yawa da ake miƙa wa yara su yi shiru. Sai dai mai sayenta ya san cewa rabin kyautar ya saya. Ya gaya wa yaron gaskiya tun ranar buɗewa, cewa makon farko zai yi wuya kuma haka yake ga kowa. A bar zomon tukuna, a fara da doguwar sarƙa da ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu, da ulu mai haske, minti ashirin a rana, domin sannu ba ta hana zuwa. A nemi wadda ta iya, a cikin dangi ko maƙwabta ko ikilisiya. In ba a samu ba, uwa ko uba su zauna su koya tare da yaron, ya ga babba yana kuskure bai fusata ba. Yaro namiji ma kada a hana shi, gama Bezalel namiji ne, Bulus kuma da ɗinkin tanti ya ci abinci a Koranti tare da Akila da Bilkisu.

Su kuma iyaye mata da Allah ya ba wannan gwaninta, akwai tambaya a gabansu. A Yafa, sa'ad da Tabita, wadda ake kira Dokas, ta rasu, gwauraye sun kewaye Bitrus suna kuka suna nuna masa rigunan da ta ɗinka tun tana tare da su, kamar yadda yake a Ayyukan Manzanni 9:36-42. Shaidarta tana jikin mutane. Kowace ikilisiya tana da Dokas ɗinta, mai kwarashi a jaka, wadda rabin jariran da aka kawo miƙawa suna sanye da aikin hannunta. Idanunta suna raguwa, yatsunta sun fara ciwo. In ba ta zaunar da wata ta koya mata ba, ranar da ta tafi za a nuna hulunan, amma ba mai yin sababbi. Kuma a wani gida, ba nisa da nata, akwai kwali a ƙarƙashin gado, da ulu a ciki, da yarinyar da ta gaskata cewa ba ta da kan wannan abu. Aikin iyali da ikilisiya shi ne su haɗa waɗannan biyu a kan tabarma ɗaya tun da sauran lokaci.